Zafin da Ake Zubarwa: Tarihin Tattalin Makamashi a Tashoshin Lantarki na Manyan Jami'o'in Amurka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda manyan jami'o'in ƙasar Amurka suka yi ta fama da matsala guda tun daga tsakiyar ƙarni na 19 har zuwa shekarun nan, watau yadda za su ƙona mai kaɗan su sami amfani mai yawa a tashoshin da ke ba su wutar lantarki da tururi da ruwan sanyi. Dalilin zaɓen jami'o'i kuwa shi ne, babbar jami'a gari ce guda. Tana da ɗakunan kwanan ɗalibai da azuzuwa da ɗakunan bincike da madafa, wani lokaci har da asibitin koyarwa, kuma duka a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda ita ke sayen mai, ita ke da injin, ita kuma ke da gine-ginen da ke shan wutar. Duk ɓarnar da aka yi a tasha, daga asusun da ake biyan malamai da sayen littattafai take fita.

Abin da muke nufi da tattalin makamashi a nan shi ne amsar wannan tambaya: idan aka zuba wa tasha man da ke ɗauke da ƙarfi kashi ɗari, kashi nawa ne ke fitowa a matsayin abin amfani? Takardar za ta yi ƙoƙarin nuna cewa mafi yawan ribar da waɗannan jami'o'i suka samu ta fito ne daga sama wa zafin da injin ke zubarwa aikin yi. Za ta kuma nuna cewa dabarar yin haka tsohuwa ce, farashin mai da dokar ƙasa ne suka riƙa sa a ɗauke ta ko a jingine ta.

2.0 Tushen matsalar

A shekarar 1824 wani injiniyan Faransa mai suna Sadi Carnot ya wallafa ɗan littafi inda ya bayyana wata ƙa'ida da har yau ba a karya ta ba. Ya nuna cewa duk injin da ke juya zafi ya zama motsi, tilas ne ya karɓi zafin daga wuri mai zafi ya zubar da wani sashe nasa a wuri mai sanyi, kuma yawan abin da zai iya juyawa ya dogara ne a kan tazarar da ke tsakanin zafin wuraren biyu. Ma'anar wannan ita ce, komai gwanintar maƙeri, ba zai ƙera injin da ba ya zubar da zafi ba. Hayaƙin da ke fita ta bututun tasha da hucin da ke tashi daga hasumiyar sanyaya ruwa, duk mai ne da aka biya kuɗinsa.

Saboda haka hanyoyi biyu ne ke gaban mai tasha. Ko dai ya ƙara zafin tururinsa da ƙarfinsa domin injin ya ba da wuta fiye da da, ko kuwa ya nemi wanda ke bukatar zafin da ya rage ya kai masa. Manyan kamfanonin lantarki sun bi hanya ta farko. Jami'o'i kuwa, da yake masu bukatar zafin suna nan kusa da tashar, su ne suka fi dacewa da ta biyu.

3.0 Zamanin tururi, 1853 zuwa 1930

Abin da ya fara kai makarantun Amurka ga gina tasha shi ne sanyin hunturu, tun kafin a san wutar lantarki a gidaje. Hura murhu a kowane ɗaki yana cin kwal da yawa, yana bukatar ma'aikata, ga kuma hatsarin gobara. A shekarar 1853 Makarantar Horar da Hafsoshin Ruwa da ke Annapolis ta fara ɗumama gine-ginenta da tururin da ake dafawa a wuri ɗaya a rarraba ta bututu. A 1877 kuma Birdsill Holly ya kafa irin wannan tsari a garin Lockport na jihar New York a matsayin kasuwanci, yana sayar wa maƙwabta tururi. Jami'ar fasaha ta MIT, da ta ƙaura zuwa sabon mazauninta a Cambridge a 1916, da tashar tururi mai ƙona kwal ta fara.

Ana cikin haka sai lantarki ya shigo. Tashar Thomas Edison da ke titin Pearl a birnin New York ta fara aiki a ranar 4 ga Satumba 1882, amma abin da take juyawa ya zama wuta bai kai kashi 3 cikin ɗari na ƙarfin kwal ɗinta ba. To, injiniyoyin wancan zamani ba su daɗe ba suka lura cewa tururin da ya gama juya inji yana fita da sauran zafi mai yawa, wanda ya isa ɗumama ɗaki ko dafa ruwan wanki. Don haka makarantar da ta riga ta mallaki tukunyar tururi da bututu, abin da ya rage mata shi ne ta sa inji a tsakaninsu: tururin ya fara juya janareta, sa'an nan ya wuce zuwa gine-gine. Wannan shi za mu riƙa kira tsarin tagwaye, watau wuta da zafi daga murhu ɗaya. Jami'ar Texas da ke Austin ta kama wannan hanya tun 1929, kuma ba ta sake ta ba.

4.0 Zamanin manyan kamfanoni, 1903 zuwa 1973

To amma yawancin makarantu ba su yi irin na Texas ba, kuma akwai dalili. A 1884 Charles Parsons ya ƙirƙiro injin farfela mai juyawa da tururi a Ingila. A 1903 Samuel Insull ya kafa irinsa mai ƙarfin megawat 5 a tashar titin Fisk a Shikago, daga nan kuma aka shiga tseren gina manyan tashoshi a bakin koguna da kusa da mahaƙar kwal. Kowace sabuwar tasha takan fi ta baya girma da zafin tururi, farashin wuta kuma ya yi ta sauka shekara da shekaru. Da yawa daga cikin masana'antu da asibitoci da makarantu suka ga sayen wuta daga kamfani ya fi araha, suka kashe janaretocinsu, suka bar tukwanen tururi kawai.

Wannan tsere ya zo iyakarsa a shekarun 1960. Tashar Eddystone da ke kusa da Filadelfiya, wadda ta fara aiki wajen 1960, an tsara ta da tururi mai zafin kusan digiri 650 a ma'aunin Salsiyas, ta kuma kai kimanin kashi 40 cikin ɗari. Sai dai ƙarfen tukwanen bai jure ba, dole aka rage zafin. Matsakaicin tattalin tashoshin ƙasar ya tsaya a wajen kashi 33, ya kuma daɗe a nan. Watau kashi biyu cikin uku na man da ake ƙonawa yana tafiya cikin kogi da iska, a wurin da babu ginin da zai amfana da shi.

Ɗan lissafi zai nuna abin da wannan rabuwa ta jawo. A ce jami'a tana bukatar wuta kashi 30 da zafi kashi 45. Idan ta sayi wutar daga tashar da tattalinta kashi 33 ne, an ƙona mai kashi 91 dominta. Idan ta dafa tururin a tukunyar da tattalinta kashi 80 ne, ta ƙona wani kashi 56. Jimla kashi 147 ke nan. Tashar tagwaye mai kyau za ta biya bukatun biyu da mai kashi 100. Injiniyoyi sun san wannan lissafi sarai, amma muddin mai yana da araha, babu hukumar jami'ar da ta damu da shi.

5.0 Tsadar mai da dokar 1978

A watan Oktoba 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suka hana sayar wa Amurka da wasu ƙasashe mai. Cikin 'yan watanni farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12, ya kuma sake hawa bayan juyin juya halin Iran na 1979. Jami'o'in da suka riga suka mai da tukwanensu masu ƙona mai sun ji jiki ƙwarai. Matakan farko da suka ɗauka masu sauƙi ne: rage zafin ɗakuna, kashe fitilu, naɗe bututun tururi da abin da ke hana zafi fita, da gyara wuraren da tururi ke yoyo.

Komawa ga tsarin tagwaye kuwa yana da wani shinge wanda ba na fasaha ba ne. Kamfanonin lantarki ba sa sayen rarar wuta daga mai ƙaramar tasha, kuma sukan sa masa kuɗi mai tsanani a kan wutar da zai bukata ranar da injinsa ya lalace. Dokar da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a watan Nuwamba 1978, wadda aka fi sani da PURPA, ita ta cire wannan shinge. Ta tilasta wa kamfani ya sayi wutar tashar tagwaye a kan kuɗin da shi kansa zai kashe in da shi ya samar da ita, ta kuma hana shi tsawwala farashin wutar ko-ta-kwana. Kamfanoni da wasu jihohi suka kai ƙara, amma Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a hukunce-hukuncenta na 1982 da 1983.

A daidai wannan lokaci kuma fasaha ta kawo nata taimako. Injin farfela mai ƙona iskar gas ya yi araha ya kuma ƙara inganci. Hayaƙinsa yana fita da zafin kusan digiri 500, wanda ya isa ya tafasa tukunyar tururi ba tare da an ƙara mai ba. A kan wannan inji aka gina sabbin tashoshin jami'o'i: ta Stanford a 1987 mai kimanin megawat 50, ta MIT a 1995 mai kimanin megawat 21, da ta Princeton a 1996 mai megawat 15.

6.0 Daga zafi zuwa sanyi

Akwai wata matsala da tsarin tagwaye ke da ita. Ribarsa tana nan ne kawai idan akwai mai bukatar zafin. Da bazara ta shigo, tururi sai ya rasa mai so. A gefe guda kuma, daga shekarun 1950 zuwa gaba bukatar sanyaya ɗakuna ta yi ta ƙaruwa, musamman a ɗakunan bincike da na kwamfuta. Maganin da aka samu shi ne a sa tururin ya samar da sanyi, ko dai ta hanyar juya injin sanyaya ruwa, ko ta hanyar na'urar da zafi ne abincinta, irin wadda Ferdinand Carré ya ƙirƙiro a Faransa a 1859. Mai karatu da ya san firjin kananzir ya riga ya san wannan ƙa'ida: harshen wuta a ƙasa, ƙanƙara a sama. Ana sanyaya ruwa a tasha ɗaya, a tura shi ta bututu zuwa dukkan gine-gine.

Jami'ar Texas ita ce misali mafi bayyana a nan, da yake garin Austin wuri ne mai zafi. Tasharta mai ƙarfin sama da megawat 130 tana ciyar da gine-gine fiye da 150 da wuta da tururi da ruwan sanyi. A 1996 tattalinta wajen kashi 62 ne cikin ɗari. Cikin shekaru ashirin ya haura kashi 85. Ba da aiki ɗaya aka kai nan ba. An sauya tsofaffin injuna, an sa famfunan da ke rage gudu idan bukata ta ragu, an gina manyan tankunan da ake cika su da ruwan sanyi da dare a yi amfani da shi da rana, an kuma sa mita da kwamfuta masu nuna wane inji ya kamata a kunna a kowace sa'a. Sakamakon haka, gas ɗin da jami'ar ke ƙonawa a shekara ya koma daidai da na tsakiyar shekarun 1970, alhali faɗin gine-ginenta ya kusa ninkawa.

Jami'ar Cornell kuwa ta dubi abin da ke maƙwabtaka da ita. Tun shekarar 2000 take jawo ruwa daga zurfin ƙafa 250 na tafkin Cayuga, inda sanyinsa ke tsayawa a wajen digiri 4 duk shekara, ta sanyaya ruwan bututunta da shi, sa'an nan ta mai da shi tafkin. Wannan ya rage wutar da take kashewa wajen sanyaya ɗakuna da fiye da kashi 80 cikin ɗari, ko da yake wasu mazauna yankin sun yi ta ƙorafi a kan abin da hakan zai yi wa tafkin. A ƙarshen 2009 ta buɗe tashar tagwaye mai megawat 30, a 2011 kuma ta daina ƙona kwal.

7.0 Sabon saɓani

Ba a nan tarihin ya tsaya ba. Manyan tashoshin gas na zamani, masu amfani da hayaƙin injin gas su juya wani injin tururi, sun haura kashi 60 cikin ɗari. Tashar Irsching a Jamus ta kai haka a 2011. Bugu da ƙari, wutar rana da ta iska sun yi araha. Saboda haka fifikon da tashar tagwaye ke da shi a kan wutar kamfani ya ragu, kuma damuwa da ɗumamar yanayi ta sa wasu jami'o'i suka fara tambayar ko ya kamata su ci gaba da ƙona gas.

Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya ta ba da amsa mai girma. Da injiniyoyinta suka tara ƙididdigar mitocinsu sa'a bayan sa'a, sai suka ga cewa a yawancin shekara jami'ar tana ƙona gas domin samar da zafi a daidai lokacin da injunan sanyi ke zubar da zafi ta hasumiya. A 2015 ta rufe tasharta ta 1987, ta kashe dala miliyan 485 ta gina sabon tsari. Injunan da ke sanyaya ruwa yanzu sukan tattara zafin da suka cire su dafa wani ruwan da shi, aka kuma maye gurbin tsofaffin bututun tururi da kimanin mil 20 na bututun ruwan zafi, wanda asararsa a hanya ba ta kai ta tururi ba. Jami'ar ta ba da rahoton cewa hayaƙinta mai ɗumama yanayi ya ragu da kashi 68 cikin ɗari. Abin lura shi ne, ƙa'idar ba ta sauya ba: an sake gano wani zafin da ake zubarwa ne, aka ba shi aiki.

Sai dai kowace hanya da nata farashi. Ranar 29 ga Oktoba 2012 guguwar Sandy ta katse wuta ga gidaje da wuraren kasuwanci sama da miliyan 8. Princeton ta yanke kanta daga layin kamfani ta ci gaba da haskawa da injinta, haka ma babban mazaunin Jami'ar New York, wadda ta buɗe sabuwar tashar tagwaye a 2011. Asibitin koyarwa na wannan jami'a ta New York kuwa, wanda ya dogara da janaretocin ko-ta-kwana, ruwa ya shiga ƙarƙashin gininsa injunan suka tsaya, aka kwashe marasa lafiya kimanin 300 cikin dare. Ita kuma Stanford, da ta koma dogaro da layin kamfani, gobarar daji ta taɓa layin da ke kawo mata wuta a watan Yuni 2022, har aka soke darussa na 'yan kwanaki. Muhawara a kan wace hanya ce ta fi, ba ta ƙare ba. Princeton da kanta ta fara sauya bututun tururinta zuwa na ruwan zafi, da nufin daina ƙara wa yanayi hayaƙi kafin 2046, shekarar da za ta cika 300 da kafuwa.

8.0 Abin da ya shafi makarantunmu

Mai karatu zai iya cewa mu ba mu da hunturun Amurka, ina ruwanmu da tururi? Amsar ita ce, jami'o'inmu da kwalejojinmu da asibitocin koyarwa su ma masu tashoshi ne, da yake kusan kowannensu yana da janaretocin dizal. Janaretan dizal mai lafiya, idan yana ɗauke da nauyin da ya dace da shi, yakan juya kashi 35 zuwa 40 na mansa ya zama wuta. Sauran yana fita ta salansa da lagireto. Idan kuwa babban inji yana jan ɗan ƙaramin nauyi, asarar takan fi haka. Janaretoci goma a warwatse, kowane sashe da nasa, sun yi kama da murhun da ke kowane ɗaki kafin 1853.

Asibitin koyarwa yana bukatar ruwan zafi da tururi domin wanki da dafa abinci da tafasa kayan tiyata, yana kuma bukatar sanyi domin magunguna da ɗakin tiyata da ɗakin ajiye gawa. Duk waɗannan ana iya samun wani sashe nasu daga zafin salansa, in an tara injunan a wuri ɗaya. A watan Satumba 2019 an buɗe tashar wutar rana haɗe da batir da janareta mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, a ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara na bai wa jami'o'in tarayya wuta. Irin wannan tasha ta tsakiya ita ce sharaɗin farko. Amma tarihin Texas ya nuna cewa ginin tasha mafari ne kawai, ribar tana zuwa ne daga shekarun aunawa da gyara da ke biyo baya.

9.0 Kammalawa

Mun ga yadda jami'o'in Amurka suka fara da tururin ɗumama ɗaki, suka haɗa shi da lantarki, da yawansu suka raba su a zamanin arahar wuta, suka sake haɗa su bayan tsadar 1973 da dokar 1978, sa'an nan wasunsu suka koma tattara zafin injunan sanyi daga 2015. A kowane mataki, wadda ta ci riba ita ce wadda ta san yawan zafin da take zubarwa da sa'ar da take zubar da shi, ta kuma nemo masa mai bukata. Saboda haka shawarar da wannan takarda za ta bai wa hukumomin makarantunmu ita ce, kafin a sa hannu a kan sayen sabon janareta, a fara sa mita a kan tsofaffin da kan kowane babban gini, a tara ƙididdigar shekara guda cur ta man da ya shiga da wutar da ta fita, a kuma miƙa ta ga sassan injiniya da na kimiyya su yi nazarinta. A kan irin wannan ƙididdiga ce Stanford ta yanke shawarar kashe dala miliyan 485.